Sojan waje zai iya gamawa da 'yan ta'addan Sahel?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sojojin ƙasashen waje za su iya kawar da 'yan ta'addan Sahel. Su kaɗai ba za su iya ba. Dubi Mali: a Janairun 2013 sojojin Faransa suka ƙwato Gao da Timbuktu cikin 'yan makonni, amma da suka tattara komatsansu a Agustan 2022 wutar ta riga ta ci tsakiyar ƙasar, ta tsallaka zuwa Burkina Faso da yankin Tillaberi na Nijar.

Abin da na lura shi ne, soja yana kama gari amma alƙali ba ya biyo sawunsa. Makiyayin da aka kore wa shanu, in ya kai ƙara aka yi ta ɗaga masa rana, wajen masu bindigar zai nufa, don su a ranar suke yanke hukunci.