Ziyarar da muke kaiwa tsakiyar tafkin Kainji

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanenka ya karanta mini. Ka ce abokanka sun ga hotonmu cikin kwale-kwale a tsakiyar tafki, hannuwa a sama, suka ce wai ruwa muke roƙo. Shi ne kake tambaya ina wannan al'ada ta samo asali, kuma ko ya halatta ka bi mu.

Ziyarar maƙabarta ce, ba wani abu ba. Kakan mahaifinka da duk waɗanda suka riga shi suna kwance a ƙarƙashin wurin nan da ka ga mun tsaya.

Ku da kuka tashi kuka tarar da tafki, kun ɗauka haka Allah Ya halicce shi. Kafin a datse Kwara, tsakanin Yawuri da Busa kogin rarrabuwa yake yi, ya bar tsibirai a tsakiya, babbansu Foge. Gungawa na kan tsibiran suna noman albasa da rani, suna ban ruwa da ƙwarya, Kambari na tudu da dawarsu, Sarkawa na kamun kifi. Sau biyu ruwa ke zuwa a shekara: farin ruwa da damina, mai laka, sai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga ƙasar Gini ya iso mana cikin hunturu. Da su ake lissafin shuka, da su ake sa ranar biki.

A 1964 aka fara ginin madatsar, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, kamfanin Italiyawa ne ya yi aikin. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka rufe ƙofofi ruwa ya fara hawa, Janar Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Mutum kusan 44,000 aka tasa. Ƙauyuka sama da 200 aka cusa cikin sababbi wajen 120, ka ga ke nan an haɗa mutanen da can kowa da mai unguwarsa. Tsohuwar Busa kanta, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse, aka gina wa Sarkin Borgu da jama'arsa Sabuwar Busa.

Ba zan ci zalin hukuma ba, an gina mana gidaje. Bulo da siminti, rufin asbestos mai lanƙwasa, an ma yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajenmu na da. Amma ɗakin laka in ya tsage, ka kwaɓa ƙasa ka liƙe kafin la'asar. Wannan kuwa in rufinsa ya fashe, babu mai gyara a ƙauye, babu kuɗin sayen wani. Da bazara sai ka ga tsofaffi sun fito da tabarma waje, ba a jima ba kowa ya tayar da ɗakin jinka a bayan gida. Ma'aikata sun zo da takardu sun ƙirga ɗakuna, sun ƙirga rumbuna da itatuwa. Maƙabartarmu ba wanda ya tambayi inda take. Mu ma, a rububin kwashe kaya da awaki, sai da ruwa ya rufe ta hankalinmu ya koma kanta.

Mahaifina ne ya fara zuwa. Daga bazara zuwa tsakiyar damina tafkin yakan ja baya sosai, kututturan itatuwa su leƙo. Sai ya daidaita wani dutse na gabar yamma da busasshiyar kukar da ke bakin tsohuwar kasuwarmu, ya ce wa mai tuƙi ya tsaya. Ya yi sallama irin wadda ake yi wa ma'abota kaburbura, a karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, a nema musu gafara, a juyo. Ba a yanka ko kaza, ba a jefa komai a ruwa. Maƙwabtanmu masu bin gargajiya su ma ruwan ya ci wuraren bautarsu, wannan sha'aninsu ne daban, kada abokanka su haɗa mu. Kukar ta daɗe da faɗuwa, yanzu da dutsen kawai nake kintata.

Tafkin ya kawo kifi, kuma ana noma a bakinsa in ruwa ya janye, ban musa ba. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne wutar lantarkin da madatsar ke samarwa. Ta bi ta kanmu a manyan wayoyi zuwa Legas da Kaduna, har Jamhuriyar Nijar, mu da muka ba da garinmu muka shekara da shekaru muna kunna aci-balbal.

In za ka zo, bari sai na aiko maka ruwa ya sauka. Ka taho da rigar ruwa, kada ka ce ka iya iyo. Itatuwan da aka bari a tsaye suna nan a ƙasa suna fasa jirage, kuma tun hatsarin da ya ci mutanen Wara a 2021 na daina yarda a wuce mutum shida a kwale-kwalenmu. Ka gaida mahaifiyarka.