Amsa: Ana iya ganin kaɗawar molekul guda da hasken leza?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ana ganin kaɗawar molekul guda ɗaya, wato ƙwayoyin zarra da suka haɗu wuri guda. Ana gani, amma ba da ido ba. Ƙwayoyin zarra da ke cikin molekul kullum kaɗawa suke yi kamar tsirkiyar garaya. Idan hasken leza, wato haske mai ƙarfi mai launi ɗaya, ya faɗa musu, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan dawo da launi dabam, wannan canjin shi ke nuna yadda suke kaɗawa. Masanin Indiya C. V. Raman ne ya gano haka a 1928.

Matsalar ita ce hasken da ke dawowa da launi dabam yana da rauni ƙwarai. Shi ya sa ake kusanto da allurar azurfa ko zinariya mai tsinin gaske dab da molekul ɗin, ta tattara hasken. Da wannan dabara masana a Hefei ta Sin suka leƙa cikin molekul guda a 2013.

Sarrafa kaɗawar kuwa ya fi ganinta wuya. Sai an harba walƙiyar leza mai gajeren lokaci na femtosakan (kashi ɗaya cikin biliyan sau miliyan na sakan), a zunguri molekul ɗin, sannan a biyo da ta biyu a auna. Wannan fagen Ahmed Zewail ɗan Masar ne, wanda ya ci kyautar Nobel a 1999.