Daƙiƙa 10 ga Hamilton ta yi kaɗan?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko tarar daƙiƙa 10 da aka yi wa direba Lewis Hamilton a tseren motoci na Formula 1 a filin Silverstone na Ingila a 2021 ta yi kaɗan, tunda da suka yi karo motar abokin hamayyarsa Max Verstappen ta ragargaje, shi kuma Hamilton ya ci tseren. Ba ta yi kaɗan ba. Alƙalan tsere kuskuren direba suke aunawa, ba girman ɓarnar ba.

A fadarmu nan Yamai, gardama ba ta lafawa sai mun maimaita hoton kyamarar cikin mota. A kwanar Copse, Hamilton bai manne gefen ciki ba, tayarsa ta gaba ta taɓa ta bayan Verstappen. Shi ya sa aka ɗora masa mafi yawan laifi, ba duka ba. Da da gangan ya yi, da hukuncin ya fi haka nesa ba kusa ba.