Yumɓu, Laka da Tubalin Toka: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Malam, ina koyon aikin jan bulo. Wani ya ce yumɓu, wani laka, wani taɓo. Duk abu ɗaya ne?

A bakin mutanen gari sukan shiga juna, amma magini ba ya haɗa su. Taɓo shi ne caɓin da ruwa ya bari a hanya ko bakin kududdufi, inda mota ke kafewa. Shara da ruɓaɓɓen ganye sun yi masa yawa, ba ya aiki. Laka ƙasa ce mai danƙo idan ta jiƙa, irin ta fadama. Yumɓu kuwa zaɓaɓɓe ne, mai laushi, wanda ake gina tukunya da tulu da shi. Sai jangargari, jar ƙasa mai ɗan tsakuwa ta ginin katanga.

Hannu ne ke raba gardama. Jiƙa ƙasar, ka murza ta kamar igiya mai kaurin yatsa, ka lanƙwasa. In ta karye nan take, yashi ya rinjaya. In ta zagayo kamar zobe ba tsaga, yumɓu ne tsantsa: mai tukwane zai yi murna, amma a bulo zai tsuke ya dare. Buga guda ɗaya na gwaji, ka ja masa layi na santimita 10, ya bushe a inuwa. Idan layin ya koma 9, ƙara yashi ko dakakken tsingaro.

Kada kuma a rikita lakar ƙasa da lakar da ke cikin "ba shi da laka a jiki". Waccan ta ƙashin baya ce, wasalinta na farko gajere. Ta ƙasa ana jan sa. Rubutun boko ne ya mayar da su tagwaye.

Tambaya: Daga ina aka samo "kwaɓarsa ta yi ruwa"?

Mai fanke zai ce tasa ce, magini ma haka, kuma duk ba su yi ƙarya ba. Ni dai na fi ganin hotonta a ramin kwaɓa. Ana haƙo ƙasa, a farfasa, a tsince duwatsu da saiwoyi, a zuba ruwa a bar ta ta kwana ta tsimu, sannan a tattake da ƙafa har ta haɗe. Wanda ya yi gaggawa ya malala ruwa don ya huta da taku, bulonsa na fita daga ma'auni zai zauna ya baje. Ko ya tsaya, ruwan da ya fita zai bar shi a tsuke, a karkace. Gyara kuma sai da ƙarin busasshiyar ƙasa da sabon taku. Shi ya sa ake faɗin maganar ga wanda ya ƙulla shiri da hannunsa, shirin ya lalace masa, asirinsa ya tonu.

Tambaya: Mene ne bambancin tubali da bulo, kuma me ya sa ake cewa "tubalin toka"?

Tubali namu ne na gargajiya: a cuɗa ƙasa da ciyawa, a mulmula da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana. Masana na danganta kalmar da "ɗub" na Larabci, wanda shi ma daga tsohon harshen Masar ya fito. Bulo aro ne daga Turanci, ya shigo tare da siminti, sai aka ce "jan bulo" don a ware gasasshe.

Toka ba ta da danƙo ko kaɗan. Ka jiƙa ta ka dunƙule, za ta yi kamar ta kama, tana bushewa ta ruguje. Don haka alkawari, ko aure, ko ƙawancen siyasa da aka ce an gina da tubalin toka, ido ne kawai ke ganin gini.

Gashi shi ne ke raba ɗanyen tubali da jan bulo. A fara da wuta kaɗan har danshi ya gama fita, in ba haka ba tururi ya fasa bulon daga ciki. Tsakanin digiri 450 da 600 yumɓu ke rabuwa da ruwan da ke ɗaure a jikinsa, daga nan ba ya sake komawa laka. A kai wuta 900 zuwa 1000, a bar ta ta huce a hankali. Ƙwanƙwasa biyu: gasasshe yana ƙara kamar ƙarfe, wanda bai ji wuta ba sai ka ji "dum". Babban maƙiyi shi ne ƙwayar dutsen farar ƙasa da ta tsallake tankaɗe. A wuta ta toye, bayan kwanaki ta sha danshi ta kumbura, ta ɓantare fuskar bulon.

Tambaya: Baƙar laka na sa, me ya sa bulon ya fito ja?

Baƙin na ruɓaɓɓen tsiro ne, wuta ta cinye shi. Jan kuwa tsatsar ƙarfe ce da ke cikin ƙasar. Farin yumɓu irin na Ƙanƙara a Jihar Katsina ba shi da ita sosai, shi ya sa masu tayil ke neman sa, sai dai yana son wutar da ta haura digiri 1100.