Tambaya da amsa: wane albam na rok zan fara da shi, wanne kuma ya cancanci kuɗina?

Jama'a barkanku da war haka. Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan kiɗan jitar nan ne da ake ce wa alternative ko indie rock, wasu ma tambaya ɗaya ce aka yi ta da baki daban-daban, don haka na haɗe su. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

Wani ɗalibi daga Samaru, Zariya: Yaya barka da aiki. Abokina ya turo min jerin albam hamsin wai sai na ji su duka kafin na ce na san rok, ni kuma data gig biyu nake saya a wata. Na kunna Nevermind na Nirvana kaina ya ɗau ciwo. Da wanne zan fara?

Ƙanena ka ajiye jerin nan tukuna, shi kansa abokin naka ina tantama idan ya ji rabinsu daga farko har ƙarshe. Ɗauki guda ɗaya ka zauna da shi sati guda. Ni In Rainbows na Radiohead zan miƙa maka, waƙa goma ne, minti 42 da ɗan wani abu, kuma ganga da bas suna gaba-gaba a cikinsa, to kunnen da ya tashi da kiɗan da ake takawa ba zai ɓata hanya ba. A watan Oktoba na 2007 suka sake shi a shafinsu bayan kwantiraginsu da kamfanin EMI ya ƙare, suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama, har wanda bai da ko sisi ya ɗauka. Masu jera albam sun fi ɗora OK Computer nasu na 1997 a sama, kuma ba laifinsu, sai dai shi akwai nauyi da ɗaci a cikinsa, idan da shi ka fara za ka iya cewa mutanen nan kuka kawai suka iya. Bar shi ya zo na biyu.

Shi kuma Nevermind da ya sa maka ciwon kai, dabararsa ɗaya ce, a yi ƙasa-ƙasa da kiɗa a baiti sannan a fashe da ƙara a amshi, kuma mawaƙin Nirvana Kurt Cobain da bakinsa ya ce wajen ƙungiyar Pixies ya kwaso ta. Ka ji Doolittle nasu na 1989 za ka ga inda abin ya samo asali, waƙoƙin gajeru ne, da yawa ba su kai minti uku ba. Idan Nirvana ɗin kake so ba tare da hayaniyar ba akwai MTV Unplugged in New York da ya fito a 1994, a zaune suka yi shi da jitar katako.

Batun data kuwa lissafi ne mai sauƙi. A kan ingancin sauti na 96kbps awa ɗaya tana cin wajen 43MB, a kan 160 wajen 72MB, a kan 320 kuma 144MB. Kenan In Rainbows a 160 wajen 51MB ne kawai, abin da ke cinye maka data shi ne maimaita shi kullum a kan layi ko kallonsa a YouTube da hoto. Sauke shi sau ɗaya da datar dare. Spotify ya shigo Najeriya tun Fabrairun 2021 amma na kyautarsa ba ya bari a sauke, sai ka yi rajistar biya, ka duba ko za ku haɗa kuɗi da ƴan gidanku. Kuma don Allah ka kashe shuffle, albam irin waɗannan da gangan aka jera su.

Wani dattijo daga Kaduna: Ɗana yana Amurka, ya ce zai aiko min da garmaho da faya-fayai. Da can ina da na Fela da yawa. Me zan ce ya sayo, kuma abin zai yi aiki a nan?

Baba ranka ya daɗe, kafin maganar faifai a fara duba injin. Wutar Amurka 120V ce a kan 60Hz, tamu 230V a kan 50Hz. Matsalar farko taransifoma ƙarama tana magance ta, ta biyun ce ke yaudarar mutane, domin akwai garmaho, musamman tsofaffi, da motarsu ke bin bugun wutar kai tsaye, to idan aka kawo irinsu nan faifan da ya kamata ya juya sau 33 da ɗigo a minti sai ya koma wajen 28, muryar mawaƙi ta yi kauri kiɗan ya riƙa jan ƙafa, kuma taransifoma ba ta gyara wannan. Ku ce masa ya juya adaftar ya karanta, idan an rubuta 100-240V, 50/60Hz to shi ke nan. Ya kuma tambaya ko akwai phono preamp, wato abin da ke ɗaga sautin allura, a cikinsa, in babu, kuka jona shi da sifika za ku ji sautin can ƙasa kamar daga maƙota. Ya haɗo da allura ta biyu, nan samunta wahala ne. Sitabilaiza kuma kun san wannan ba sai na faɗa ba.

Faifan kansa roba ce, zafi na lanƙwasa shi, a bar shi a but ɗin mota da rana a watan Afrilu an gama da shi. A tsaye ake jera su, ba a ɗora wani kan wani, nesa da taga. Lokacin hunturu kuma iska ta bushe faifan yana jan ƙura da kansa, kuna zaro shi daga riga za ku ji ɗan tas-tas a yatsa, sai an bi shi da burushinsa kafin a ɗora allura.

Abin da za a sayo, tunda kunnenku na Fela ne, Remain in Light na Talking Heads, 1980. Su da furodusansu Brian Eno sun sha sauraren Fela kafin su shiga situdiyo kuma ba su ɓoye ba, fuskar farko waƙa uku ce kacal, kowace an kafa ta a kan zagaye ɗaya da ke ta maimaituwa ana ɗora masa kaya. Ba zan ce sun kamo Tony Allen mai gangar Fela ba, ba su kamo shi ba, amma abin da suka yi da darasin nasu ne. Angélique Kidjo ta Benin ma ta sake rera albam ɗin gaba ɗayansa a 2018. Faifai ɗaya ne, minti arba'in, ba kamar OK Computer ba da yake zuwa a faifai biyu sai an tashi sau uku ana juyawa. In da ni ne da kuɗin, gaskiya faifai uku ko huɗu zan ce ya sayo don marmari, sauran ya cika jaka da CD na gwanjo, can arha suke yi, ba ruwansu da allura, kuma jikoki za su iya kwafe muku su a kwamfuta.

Wani daga Kano: Na ga albam ɗaya kala biyu, na asali da deluxe remastered mai waƙa talatin. Wanne?

Na asali. Yawancin ƙarin gwaje-gwajen situdiyo ne da mawaƙan da kansu suka ajiye gefe, sau ɗaya za ka ji su. Kuma remaster, wato sake tace sautin, ba kullum yake nufin an gyara ba, wani lokaci ƙara kawai aka ɗaga har wurin da ya kamata ya yi shiru ya daina shiru, wanda ga kiɗan da ya dogara da hawa da sauka asara ce. Wanda zan ware shi ne OKNOTOK, wato OK Computer da aka sake fitarwa a 2017, don akwai waƙoƙi uku a ciki da ba su taɓa fita ba, amma shi ma sai ka riga ka san na 1997.

Wani daga Maraɗi: Mu nan a gidan biki muka san jitar Agadas, yanzu ina ganin Mdou Moctar cikin jerin rok na Turawa. Wane albam nasa zan saya, kuma ta ina kuɗin zai kai hannunsa?

Ɗan uwa ai ba kuskure suka yi ba. Kamfanin da ke fitar da shi yanzu Matador ne na New York, gidan su Pavement da Interpol da Yo La Tengo, wato tsakiyar indie ɗin kenan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, albam ɗinsa na farko Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da autotune irin na waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, kuma ba a shago ya yaɗu ba, daga mimori zuwa mimori ya yi ta tafiya ta bulutut har wata waƙarsa ta faɗa cikin tarin waƙoƙin waya da kamfanin Sahel Sounds na Portland ya fitar a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Idan ɗaya za ka saya, Afrique Victime na 2021. Akwai masu zafi akwai masu sanyi da jitar katako da tafi, sannan waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta ta haura minti bakwai, tana farawa a hankali mai ganga yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan ba ka ankara ba sai ka ji jitar ta ɓalle, kuma bahago ne, da hagu yake wannan aika-aikar. Funeral for Justice na 2024 ya fi shi faɗa, siyasa ce tsagwaronta har da Faransa a ciki, ni ina son sa amma ba kullum ba. Ilana na 2019 shi ne na masu son solo zalla. Ga Bombino kuma, shi ma mai jitar Agadas ne, kowa Nomad na 2013 yake ambata saboda Dan Auerbach na Black Keys ne ya yi furodusin, ni dai Agadez na 2011 ya fi kwanta min, ba a goge shi da yawa ba. Kar ka manta da Tal National na Yamai, Kaani na 2013, su har da Hausa a cikin waƙoƙinsu.

Wajen biya, shafin sayar da kiɗa na Bandcamp ya fi. Suna cire kashi 15 cikin ɗari a kan abin da aka sauke, sauran ya tafi ga mawaƙi ko kamfaninsa su raba yadda suka yi yarjejeniya, kuma tun 2020 akwai wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason. Ka saya sau ɗaya fayil ɗin ya zama naka, MP3 ko FLAC da ba a rage wa inganci ba, sai dai FLAC na albam guda zai iya kai 300MB, a waya MP3 ɗin ya isa. Idan katinka ya ƙi wucewa, wanda yakan faru, akwai wurin aikawa a matsayin kyauta, wani ɗan uwa da ke waje ya biya a turo maka ta imel kai kuma ka ba shi nasa a gida. In kuma sun zo wasa kusa da kai ka sayi tikiti, wannan ya fi komai saurin isa aljihu.

Wata ɗalibar jinya daga Jos: Ina son abin da zan riƙa ji ina karatun dare, ba ihu, ba batsa.

Ƙanwata, Heaven or Las Vegas na Cocteau Twins, 1990. Muryar mawaƙiyarsu Elizabeth Fraser ko Turawan ba sa gane yawancin abin da take faɗa, don haka ba kalmar da za ta janye miki hankali daga littafi. Sai Teen Dream na Beach House, 2010. Idan ba kya son murya sam, The Earth Is Not a Cold Dead Place na Explosions in the Sky, ƴan Texas, 2003, kiɗa biyar ne dogaye ba waƙa, amma ki rage ƙara don sukan hau sama a tsakiya. Ki riƙa duba ƙaramin harafin E a gefen sunan waƙa, alamar akwai zagi ko batsa ce. Su Mitski da albam ɗin Bon Iver na farko suna da kyau amma ki bar su sai bayan jarrabawa, masu sa mutum tunanin da bai shirya ba ne da ƙarfe biyun dare.

Wani daga Gusau: An ce Loveless na My Bloody Valentine gagarabadau ne, na kunna na ɗauka sifikar wayata ce ta fashe. Ni ne ko su ne?

Wayar ce. A sifikar waya Loveless injin niƙa ne kawai, don duk kaurin da ke ƙasa ba ya fitowa. Mai jitarsu Kevin Shields yana riƙe da sandar lanƙwasa sauti ta jitar yana kaɗawa a lokaci guda, shi ya sa kake jin kamar kaset ɗin da ya ji rana, da gangan ne, kuma muryoyin an binne su cikin kiɗan ne ba a ɗora su sama ba. Wajen shekara biyu suka yi suna yawo situdiyo-situdiyo kafin ya fito a 1991, kamfanin Creation ya rabu da su bayan nan saboda abin da ya ci. Kuɗin da kake shirin kashewa a kan albam na gaba ka sa shi a iyafis mai waya mai kyau, a kuɗi ɗaya mai waya ya fi na bulutut mai arha, ba caji ba yankewa. Ka je shago da waƙar da ka haddace, ka gwada a gaban mai shagon, ka saurari bas ko yana fita daban ko ya cakuɗe da ganga, jabu sun yi yawa kuma kwalinsu ya fi na orijina sheƙi. In ka yi haka har yanzu bai shige ka ba to ka bar shi, ba dole.

Mutum uku kuma sun tambayi wanda ni na fi so. Dear Science na TV on the Radio, 2008. Mawaƙinsu Tunde Adebimpe iyayensa ƴan Najeriya ne, masu busa na Antibalas, ƙungiyar afrobeat ta Brooklyn, suna ciki, kuma shi ne albam ɗin da zan iya sa wa wanda bai taɓa jin rok ba da wanda ya ƙoshi da shi a mota ɗaya ba wanda zai ce a canza. Bayansa Doolittle, sai Silent Alarm na Bloc Party na 2005 saboda mai gangarsu na lokacin Matt Tong kawai. Funeral na Arcade Fire ina girmama shi fiye da yadda nake kunna shi. AM na Arctic Monkeys kuwa da kuke ta turo min, ku ji shi a Spotify ya isa, in za ku biya kuɗi na farkonsu na 2006 za ku saya.