Amsa ga mai son shiga binciken ƙwayoyin halittar shuke-shuke

Ƙanena, ka ce ka gama karatun aikin gona a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kana tambaya ko za ka iya shiga binciken ƙwayoyin halittar shuke-shuke alhali ba ka san rubuta manhajar kwamfuta ba. Za ka iya, amma sai ka koya, kuma tun yanzu za ka fara, kafin ka nemi masta. Fara da Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta), sannan R, Python ta biyo baya; waɗannan biyun harsunan rubuta manhaja ne. Kwamfutar hannunka ta isa wajen koyo, bayanan gwaji kuma kyauta ake sauke su daga NCBI, rumbun bayanan ƙwayoyin halitta na Amurka da ke intanet, sai dai kuɗin intanet da za su ci maka aljihu.

Dalilin da ya sa dole ka koyi rubuta manhaja shi ne yawan bayanan. Lokacin da ICRISAT, cibiyar duniya ta binciken amfanin gona a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, da abokan aikinta suka wallafa jerin ƙwayoyin halittar hatsi (gero) a 2017, haruffan da aka rubuta jerin da su kusan biliyan 1.8 ne da ƙwayoyin gado sama da 38,000. Wannan ba abin da Excel zai buɗe ba ne; ni na gwada da ƙaramin fayil ma, kwamfutar ta tsaya cak. Sharaɗi ɗaya zan gindaya maka: kada ka bar gona. Ilimin da kake da shi na gane lokacin da hatsi ke fitar da kai, da yadda wake ke jure fari, shi masu kwamfuta zalla suke rasawa. Ka nemi horo a INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, ko tashar ICRISAT ta Sadore, ka yi damina guda kana auna shuka da hannunka.