Gashi ne ko tuya, da zancen hannu da yawa a kicin

Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce: "Malam, hutun nan dangi za su taru a gidana, ni da yara za mu yi kek da biskit, wai gasawa muke ko toyawa? Sannan maigida ya ce in bar yaran su sa hannu tunda hannu da yawa maganin ƙazamar miya, ni kuwa gani nake su ne ma za su ƙazanta min."

To Hajiya, gashi kuke yi. Duk abin da zafin wuta ya nunar da shi ba a ruwa ba ba a mai ba, gasa shi aka yi, ko a kan garwashi ko a cikin obin. Tuya da suya kuwa galibi da mai ake yi, dahuwa sai da ruwa. Matsalar dai a rubutu take, gashin kek da gashin kai iri ɗaya ake rubuta su, amma kunne ya san bambanci, na kai ana jan wasalin farko, na wuta ba a ja. Haka gasa ta wuta da gasa ta cin kofi. Obin ɗin ma muna da tsohuwar kalmarsa, tanderu, kuma tana cikin kalmomin da suka shigo daga Larabci kamar alkama da sukari, fulawa da yis da bota kuwa daga Turanci muka ara. Don Allah masu rubuta baƙin hoda su daina sa mata lanƙwasa, bakin hoda ce, wadda ke sa kek ya tashi, fara tas.

Karin maganar maigida kuwa, ya ɗan ja ta inda ba nan ta dosa ba. Hannuwan da ake nufi ba na masu girki ba ne, na masu ci ne. Miya ce ta fito ba daɗi, mutum ɗaya ba zai iya da ita ba, amma in aka taru kowa ya tsoma sau biyu sau uku sai ka ga kwano ya koma fes, shi ya sa ake faɗinta a kan aiki mai nauyi ko mai gundura da taro ke gamawa nan da nan. Kin ga ke nan ko kek ɗin ya ƙone ta ƙasa, dangin da za su zo su ne maganinsa.

Amma a kan barin yaran ina bayansa, sai dai da wata karin maganar, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki ba ƙaramin tankaɗen fulawa, na tsakiya ya fasa ƙwai a kofi daban kafin a juye don ɓawo, babban ya yi awo, ke ki riƙe wuƙa da bakin wuta. Za su yi fari fat har gira, wani zai lashi cokali a ɓoye, ba komai. Awon ruwa da madara ne kawai sai kin sa ido, domin daga nan aka samo "kwaɓarsa ta yi ruwa", wato al'amari ya dagule wa mutum, kuma duk wadda ta taɓa tsinka kwaɓi alhali fulawa ta ƙare baƙi na hanya ba ta buƙatar malami ya fassara mata.

Wani kuma ya tambayi ma'anar fafe a cikin "ba a fafe gora ranar tafiya". Fafewa ita ce a yanke bakin gora a ƙwaƙule cikinsa ya zama abin zuba ruwa, aiki ne mai cin lokaci. Hajiya wannan ma taki ce, biskit yana kwana ba ya komai in an rufe shi, ku gasa shi tun ana gobe taron.